Lallen da na sa wa Hajiya Mariyama

Wanda aka ce zai tare ni a filin jirgin Guangzhou bai zo ba. Nasiru sunansa, ɗan unguwarmu ne, wai ya daɗe a Caina yana yi wa 'yan kasuwa jagora. Na kira shi, ya ce yana hanya. Na sake kira, ya ce ga shi nan ya kusa, in tsaya inda nake kada in motsa. Na tsaya kamar an dasa ni, da akwati ɗaya da ƙullin garin kunu da yajin da Innarmu ta cusa mini. Da na yi kira na ƙarshe, wayar a kashe take. Har na bar ƙasar ban sa Nasiru a idona ba. In yana karanta wannan, ina yi masa sannu da hanya, don na san har yanzu yana kanta.

A nan na fara gane cewa Turancin da nake taƙama da shi ko ruwan sha ba zai samo mini ba. Malamar Turanci ce ni a wata sakandaren 'yan mata a Kano. Na yi shekaru ina shaƙar alli, har albashi ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi. Maigidana ya yarda in gwada kasuwanci, muka kama rabin shago a kasuwar Kwari, aka ce mana labule a Caina yake, in dai mutum zai je da ƙafarsa. Abin da ya kawo ni ke nan. Na tari wani ma'aikaci na zuba masa Turanci mai kyau, irin wanda nake ba ɗalibai maki a kansa. Ya saurare ni cikin ladabi har na gama, ya yi murmushi, ya wuce abinsa.

Ina zaune a kan akwatina, hawaye na shirin tona mini asiri, sai na ji ƙamshin humra. Kafin in ɗaga kai aka ce, "Ke ɗiyar mutane, mi kike jira nan, awa wadda anka aika ta mance saƙo?"

Wata babbar mace ce, ta ba hamsin baya, doguwa, da haƙorin Makka, ido ya sha kwalli, hannu cike da awarwaro. Ashe jirgi ɗaya muka shigo. Na gaya mata halin da nake ciki. Ta ce, "Shina hanya? To bar shi can bisa hanya. Tashi mu tahi."

Sunanta Hajiya Mariyama, mutuniyar Maraɗi. Mayafai da takalman mata take saye, kuma ta san garin kamar tsakar gidanta. Ba ta tambaye ni 'yar wace ce ni ba. Ta kai ni masaukin da take sauka, ɗaki mai gado biyu da wata 'yar taga da ke kallon bango, ta nuna mini alƙibla, ta dama mana kunu da garin Innarmu, ta sha ta ce gero namu na Kano bai da gardi. Tun daga ranar ba ta taɓa kiran sunana ba. Ko ta ce Malama, ko in tana son tsokana ta ce ɗiyar Kano.

Kasuwar da ke titin Guangyuan ita ce makarantata ta biyu, kuma a ajin ƙarshe na zauna. Gine-gine ne masu hawa-hawa, kowanne cike da shaguna, ko'ina ƙarar salatif ake ji ana ɗaure kwalaye. Kwanakin farko kaina ya riƙa juyawa. Ina kewar yarana, ina kewar tuwo, har hayaniyar masu adaidaita da nake zagi kullum na yi kewa. Hajiya ce ta koya mini in ce nihau in na shiga shago, in kira mai shagon loban, wato maigida, ko da yarinya ce ƙarama, in kuma gane cewa in suka ce meyo, wato babu, wani lokacin akwai, ba sa son fito da shi ne. Ta hana ni nuna cewa abu ya burge ni. Ni kuwa fuskata ba ta iya ɓoye komai ba, a ganina.

Duk da haka sai da aka cuce ni. Na zaɓi yadin labule mai kauri, na bayar a ɗinka, da aka kawo na gwaji sai ga wani shara-shara mai irin launin, wanda in ka rataya shi maƙwabta za su ƙirga haƙarƙarinka. Na yi ta zuba Turanci, mai shagon yana gyaɗa kai. Hajiya ta ture ni gefe. Ta ɗaga yadin a gaban fitila, ta leƙa mutumin ta cikinsa, ta ce masa nihau. Shagon ya kwashe da dariya, har shi. Da Hausar Maraɗi da Faransanci da nuni da yatsa ta sa ya yarda zai sake ɗinkin duka. Sai dai ya ce in jira, ma'aikata za ta kira. Kullum na je sai ya ce gobe.

Da azahar mukan zauna a wani ɗan shagon taliya na Musulmin Caina. Lokacin ne mijinta yake kira, don azaharmu asubarsu ce, yana dawowa daga masallaci zai neme ta. Malam take ce masa, ba ta kama sunansa. Abu ɗaya yake fara tambaya kullum: ko ta sha maganin hawan jini, wanda su suke kira tansiyo. Ita kuma kullum sai ta yi masa ƙarya ta ce ta sha, sannan ta laluba jaka ta haɗiye shi a gabana tana kashe mini ido. Tun tana budurwa suke tare. Ta ce shi ya fara kai ta tasha da kansa ranar da ta soma fatauci, dangi suna ta surutu, ya toshe kunnensa.

Ana haka wayarta ta suɓuce a matakalar jirgin ƙasa ta tarwatse. Ta sayi sabuwa, amma wayar ta ƙi buɗe WhatsApp, don a ƙasar sai da wata dabara yake aiki, ni kuma ƙanena ya sa mini dabarar tun a gida. Sai ya zama ta wayata Malam yake kira. Ranar farko da na ɗauka muka gaisa, muryarsa a sanyaye, irin ta mutumin da bai saba ɗaga ta ba. Ya ce, "Malama, na ba ki amanarta. Ba ta jin magana, sai kin yi da gaske." Na yi dariya na ce ya kwantar da hankalinsa.

Wata rana azahar ta yi bai kira ba. Hajiya ta ce wataƙila wuta ce babu. Da yamma na koma wajen mai labule ni kaɗai, ina tsaye a baranda ana ta jan kwalaye ta gabana, sai wayar ta yi ƙara. Ɗanta ne, Laminu.

Ya ce, "Tanti, ke ɗaya kike?"

Na ce ni kaɗai ce.

"Baba ya rasu. Bisa hanyar masallaci ya hwaɗi da asuba. Yanzu munka dawo daga kai shi."

Na yi salati, na jingina da bango. Ban san mutumin ba sai a murya. Kafin in gama yi masa gaisuwa ya katse ni. Ya ce baffanninsu sun zauna sun yanke magana: kada a gaya mata sai ta sauka. Lokacin da yayarta ta rasu, faɗuwa ta yi, sai da ta kwanta asibiti. In ta faɗi a ƙasar da ba ta da kowa, wa zai ɗauke ta? Sun riga sun ja kunnen 'yan garinsu da suka san suna nan. Saura ni, tunda ta hannuna labari yake bi.

"Ki ce mata shina likita, an hana shi magana. Don girman Allah, Tanti. Kada mu rasa su duka biyu."

Mu Hausawa mun san wannan. Ba a jefa wa matafiyi labarin mutuwa, sai a ce jiki ya yi tsanani, a lallaba shi har ya iso gida cikin 'yan'uwa. Ni kaina an yi mini haka da mahaifina ya rasu ina makarantar kwana. Sai dai a can, tafiyar rabin yini ce tsakanina da gaskiya. Nan kuwa jirgin Hajiya sai wani satin. Duk wannan ya zo mini a rai, amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "To."

Da na koma ɗaki na same ta tana jera samfurin mayafai a kan gado. Na ce Laminu ya kira, Malam ba ya jin daɗi, an kwantar da shi, likita ya ce a bar shi ya huta. Ta ajiye mayafin hannunta ta dube ni. Ta karɓi wayar ta kira ɗanta, ya maimaita mata abin da na faɗa, kusan kalma da kalma. Ta ce a kara masa wayar a kunne ko numfashinsa ta ji. Laminu ya ce ba a bari a shiga da waya.

Washegari ta tafi wajen mai sayar da tikiti a matso mata da tafiya. Ya duba ya ce babu kujera, amma ta riƙa leƙowa, wataƙila wani ya fasa. Shi ke nan ta shiga zaman jira ta ko'ina. Azahar na yi za ta ajiye cokali ta zuba wa wayata ido. In ta yi ƙara sai ta zabura, in ta ga maigidana ne ko yarana, sai ta ce in gaishe su, ta koma tana juya taliya ba ta ci. Kullum da abin da nake ƙarawa. Yau an sa masa ruwa. Gobe ya farka amma barci ya sake ɗauke shi. Jibi layin Nijar ne ba kyau. Ni da ake cewa bakina ba ya iya riƙe magana, ni da shugabar makarantarmu take tsoron in ɗaga hannu a taro, sai ga ni na ƙware a kwana-kwana.

Akwai darasin da nake koyarwa a aji uku, na irin maganganun da Bature ke yi in an ja wa mutum rai. Yana cewa an bar shi a rataye, ko an ajiye shi a cikin duhu. Ɗalibaina sukan yi dariya su ce sai ka ce tsumma, ni ma in taya su, in ce su dai haddace don jarrabawa. A ɗakin nan na ga abin da idona. Mace ce ba ta sama ba ta ƙasa, ba ta da ikon kuka don ba a ce mata ya mutu ba, ba ta da ikon dariya don ba a ce mata ya tashi ba. Ta daina tsokanata. Ta daina kushe geron Kano. In ta idar da salla sai ta daɗe da hannu a sama, ina jin ta tana cewa, "Allah ka tashi kafaɗunshi, Allah ka ba shi lahiya." Ni kuma daga kan tawa sallayar ina cewa amin.

Zan yi ƙarya in na ce don Laminu kawai na yi shiru. Labulena bai fito ba. Ban san hanyar sito ba, ban san wanda ake ba kaya ya sa a kwantena ba, ban ma san yadda zan koma filin jirgi ni kaɗai ba. In Hajiya ta kwanta, ni ma na kwanta. Wannan tunanin yana zuwa sai in kore shi, in ce ai amanar 'ya'yanta nake riƙewa, kuma maigidana ma da na gaya masa cewa ya yi in bi abin da manyansu suka ce. Amma tunanin yana nan, kuma na ji kunyar kaina.

Ranar da kayanmu suka kammala, muka bi motar ɗaukar kaya zuwa wani sito a hanyar Huangpu, inda ake loda kwantenonin da za su yi Afirka. Tafiya ce mai nisa, gadoji a kan gadoji. Muna zaune a gaba kusa da direba, Hajiya ta rungume wata leda a cinya. Jallabiya ce mai kauri ta saya wa Malam, ruwan toka, ni ta sa na zaɓi launin, ta ce in ya fito daga likita, wato asibiti, zai riƙa jin sanyi. Can sai ta kamo hannuna, ba ta dube ni ba, titi take kallo.

Ta ce, "Malama, ki dubi Allah. Ke ce kunnena, ke ce bakina garin ga. In mutuwa ya yi, ki ce mini ya mutu. Ni ba yarinya ba ce."

Ga ƙofa ta buɗe mini da hannunta. Direba ba ya jin Hausa, ba kowa sai ni da ita. Na buɗe baki zan faɗa. Sai na tuna Laminu yana cewa kada su rasa su duka biyu, na dubi titin da ban san sunansa ba, na ce a raina in ta faɗi a nan ina zan nufa da ita. Na tuna kuma kwalayena da ke bayan motar.

Na ce, "Haba Hajiya, wace irin magana ce wannan? Ki daina kawo wa kanki irin wannan tunanin."

Ban ce ya mutu ba, ban ce yana raye ba, kuma a lokacin har wani daɗi na ji wai ban yi ƙarya ba. Ita kuwa ta saki ajiyar zuciya, ta matse hannuna. Ta ce, "Na yarda da ke. Hwuskarki ba ta iya ɓoyo ba." A sito ta tsaya a kan kayana kamar nata, ta sa aka sake ɗaure kwalin da ya yage, ta rubuta sunana a kowanne da hannunta, ta haɗa ni da mutumin da zai kula da su har Legas.

Daga ranar ta warware. Ta ci abinci, ta koma tsokanata. Laminu ma da ya ji muryarta ta sake, sai ya ƙara gishiri ya ce jiki da sauƙi sosai. Ran Alhamis mai tikiti ya tabbatar mata da jirgin Asabar. Ta dawo ɗaki bayan la'asar da fara'arta, ta buɗe akwati ta fito da ƙullin garin lalle da ta taho da shi daga Maraɗi.

Ta ce, "Tashi ɗiyar Kano, yau za ki biya ni karatun da na yi miki. Malam bai taɓa tarbata da hwarin hannu ba. Ko bisa gadon likita yake, sai ya ga ja."

Duk macen da ta tashi a gidan Hausa ta san abin da ke kan wadda mijinta ya rasu. Takaba ta hau kanta tun ranar, ba kwalli, ba turare, ba zinariya, balle lalle. Kwanakin nan ina kallonta tana ranbaɗa kwalli tana shafa humra, ina kau da kai, ina ce wa kaina ai ba ta sani ba, Allah ba zai kama ta ba. Amma kwalli ana wanke shi da ruwa.

Na ce ban iya ba. Ta ce ƙarya nake, ta ga hoton ƙafar 'yata a wayata, na kuma gaya mata da bakina ni na yi mata. Na ce garin da sanyi-sanyi, lalle zai sa mata mura. Ta ce ta sha sanyin da ya fi wannan. Na ce ta bari sai ta sauka a Yamai a yi mata mai kyau. Ta ce daga jirgi mota za ta shiga, ba ta tsayawa ko'ina sai gaban Malam. Dabarata ta ƙare. Abu ɗaya ya rage da zai hana ta, kuma shi ne abin da na kasa faɗa.

Na kwaɓa lallen a kofin shayi. Na yanka salatif ɗin ɗaure kaya siri-siri, na liƙa mata a tafin hannu da yatsu, na fitar da zane irin wanda ake yi wa amare a unguwarmu. Ta ce in na gama za ta saya mini gasasshen kifi. Na shafa, na ɗaure mata hannuwan a leda, na yi mata ƙafa ma. Tana kishingiɗe tana ba ni labarin yadda Malam yake yi in ta dawo daga tafiya, wai sai ya ɓata rai ya ce ta daɗe, alhali tun safe yake zaune a ƙofar gida. Da aka kwance, lallen ya kama ja wur, har ya doshi baƙi. Ta ɗaga hannuwan tana juya su a gaban fitila. Ta ce ba a taɓa yi mata wanda ya kama haka ba.

Na ƙudurta a raina gobe bayan sallar Juma'a zan gaya mata, ko Laminu zai tsine mini. Na ce gara a masallaci, inda akwai mutane, inda zuciya take a sanyaye. Ko da gaske zan iya, Allah kaɗai ya sani.

Ta yi shiga ta gani ta faɗa, shadda ruwan goro da sabon mayafi daga cikin kayanta, ɗan kunne da awarwaro, humra kuwa har mutanen cikin jirgin ƙasa suna waiwayenmu. Masallacin Huaisheng tsoho ne ƙwarai, da doguwar hasumiya da itatuwa a farfajiya, kuma ranar Juma'a a nan za ka ji Hausar Kano da ta Yamai da ta Kumasi suna gaisawa. Muka yi salla a wajen mata. A sujadar ƙarshe ta daɗe ba ta ɗago ba.

Muna fitowa farfajiya muna neman takalmanmu, ina ta jera kalmomin da zan fara da su, sai wani dattijo mai farar hula ya hango ta ya nufo mu da sauri. Daga baya na ji ɗan kasuwar Maraɗi ne, jiya jiya ya sauka, ba wanda ya ja masa kunne.

Ya ce, "Hajiya! Ashe kina nan? Ya haƙuri? Allah shi jiƙan Malam, shi sa ya huta. Wallahi da ni anka kai shi, ya samu mutane."

Na miƙa hannu in tare ta. Ba ta faɗi ba. Duk abin da aka yi ta tsoro, har aka sa ni na zama abin da na zama saboda shi, bai faru ba. Tana tsaye ƙyam, da takalmi ɗaya a ƙafa. Ta ce, "Yaushe?"

Mutumin ya dubi shigarta, ya dubi hannunta, ya dube ni, sai fuskarsa ta canza. A hankali ya ce ai har an yi addu'ar bakwai.

Ta yi salati sau ɗaya, a nutse. Sannan ta juyo gare ni. Na so ta zage ni, na so ta ɗaga hannun nan ta wanke ni da mari a gaban jama'a. Muryarta ko tashi ba ta yi ba.

Ta ce, "Yanzun ga, cikin sujada, lahiya nike roƙa mishi. Mutum shina kabari, shina jiran in ce Allah ya gahwarta mishi, ni ina ta roƙon a sallamo shi daga likita. Kuma kina bayana kina cewa amin."

Ta zare 'yan kunnenta, ta tuɓe awarwaron ɗaya bayan ɗaya, ta ƙulle su a bakin mayafi. Muka kama hanya. A cikin jirgin ƙasa wata tsohuwa 'yar Caina ta dubi fuskarta, ta tashi ta ba ta kujera, ta kuma danƙa mata 'yar takardar share hawaye. Hajiya ta karɓa ta ce mata sheshe, wato ta gode. Ni ko kallo ban ishe ta ba.

A ɗaki ta shiga banɗaki ta daɗe. Ta fito ba kwalli, ba ƙamshi, sanye da wani tsohon hijabi da take salla da shi. Ta karɓi wayata ta kira Laminu. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta tambaye shi wanda ya yi wa Malam wanka, da wanda ya ja salla, da inda aka sa shi. A nan ne ta yi kuka, mai yawa, ni kuma ina zaune a bakin gadona ban da ikon in matsa in rarrashe ta.

Da ta ajiye wayar na durƙusa a gabanta. Na ce, "Hajiya, ki yafe mini. Laminu ne ya roƙe ni, baffanninsa suka ce..."

Ta ce, "Laminu yaro ne, tsoro ya ji. Baffanninshi suna Maraɗi. Ke na tambaya, cikin mota, na haɗa ki da Allah."

Ta buɗe tafukanta a kan cinya tana kallo.

"Jibi zan shiga gidan. Dangin Malam na nan zaune, matan unguwa na nan. Kowacce za ta kama hannuna ta yi mini gaisuwa. Ke mace ce, Malama. Kin san mi za su ce in sun hita, kuma kin san har in mutu ba su daina cewa."

Na ce zan kira su ɗaya bayan ɗaya in gaya musu ba ta sani ba, laifina ne. Ta girgiza kai, ta ce wa zai tsaya jin bayanin wata baƙuwa daga Kano. Ta aike ni shagon ƙasa na sayo lemon tsami da gishiri da sabulun wanki. Na kawo ruwan zafi a roba na ajiye. Ta miƙo mini hannuwan duka biyu.

Ta ce, "Ke kinka sa. Ke za ki hidda."

Na riƙe hannun dama na fara gogawa. Na goga da lemon, na goga da gishiri, na goga da soso, ruwan ya huce na sake wani. Ba ta janye hannun ba, ko da fatar ta fara saɓulewa a gefen yatsa. Har aka kira la'asar a wayata ina gogawa, lallen yana nan yadda na zana shi.